Saukata a Guangzhou cikin hutun Oktoba

Tun da na dawo Kano, abokan kasuwancina na Kantin Kwari suke tambayata yadda na iske birnin Guangzhou, ni kuwa da labarin babbar tashar jirgin ƙasa ta kudancin birnin nake farawa. Daga Shenzhen na taso, a ƙarshen makon hutun 1 ga Oktoba, ranar da ƙasar Sin ke bikin kafuwar jamhuriyarta a 1949, wadda ta dace da ranar samun 'yancin kanmu na 1960.

Tafiyar ba ta kai awa guda ba, amma fita daga tashar sai da ta so ta fi ta tsawo, domin jama'a sun cika ta maƙil, kamar Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe. Abin da ya burge ni shi ne, duk da wannan cunkoso, jirgin ya tashi a kan lokaci, kuma fasfo kawai na nuna a ƙofa, tunda da lambarsa aka yanki tikitin.

Masana'antu da yawa suna rufe, saboda haka na kama masauki a unguwar Xiaobei, inda abincin halal ba ya wuya, na kuma ziyarci tsohon masallacin Huaisheng kafin dillalan yadi su dawo bakin aiki.