Ɗigon walda ɗaya a salansar Peugeot 504

Har yanzu in na tuna mai waldar da ya taɓa salansar motar mahaifinmu shekarun baya, raina sai ya ɓaci. Ban san shi ba, ban san garinsu ba, amma aikinsa na minti biyu ya ja min asarar manifol sukutum, wato ƙarfen da ke tattara hayaƙin inji ya miƙa wa bututun salansa.

Motar Peugeot 504 ce haɗin Kaduna, irin waɗanda kamfanin PAN ya riƙa fitarwa daga Kakuri bayan ya fara aiki a 1975. Ta daɗe a Fatakwal lokacin da Baba ke aiki can, damshin bakin teku ya ci ƙasanta son ransa, sannan ta dawo Kano ta yi zaman shekaru a ƙarƙashin tamfol. Salansa kuwa daga ciki take fara ruɓewa. Fetur in ya ƙone yana fitar da tururin ruwa, motar da ba ta doguwar tafiya ruwan kwanciya yake yi a tukunyar salansa. Da na ɗan buga tukunyar baya da guduma, kan gudumar shigewa ya yi, garin tsatsa ya zubo min a fuska.

Ɓangaren baya bai ba ni wahala ba. Na ɗora motar a kan ramin garejin wani abokina, na yanke robobin da ke rataye da bututun, na sa zarton ƙarfe. Ban yarda an kawo wuta wajen ba, don tankin mai yana nan kusa. Abin da na lura da shi kawai, duk inda ya kamata a ce an zura bututu cikin bututu an ɗaure, walda aka bi aka yi, tun daga gaba har wutsiya. Na yi tsaki na wuce.

Gaba ne wurin aiki. Injin 504 a karkace yake zaune, digiri 45, saboda haka mahaɗar bututu da manifol tana can wani lungu da hannu ke shiga da ƙyar, ido kuma ba ya ganin bayan noti. Na bi ƙa'ida yadda kowa ya sani: na jiƙa notunan da WD-40, man feshi mai sassauta tsatsa, safe da yamma, da ya ƙare na koma man birki, ina kaffa-kaffa kar ya ɗiga a fenti don cinye shi yake yi. Na riƙa ɗan bubbuga su da guduma, na sa soket mai kusurwa shida don kar kan noti ya murje, in ɗan ƙara ɗaurewa kaɗan sannan in kwance. Sauran duk suka saki, kowanne da kukansa. Ɗaya ya ce sam.

Muka kawo wutar gas, muka gasa shi har ya yi jajir. Noti in ya ji wuta buɗewa yake yi, ya saki zaren bol, tsatsar da ke tsakani ta farfashe. Wannan ko gezau. A nan yaron garejin ya ɗauko dogon bututu ya zura a hannun sifana, ya ce, "Oga, bari in gwada masa ƙarfi." Ya rataya a jiki, sai muka ji ƙas! Na ɗauka notin ne ya saki, har na fara hamdala. Ashe kunnen manifol ne ya ɓalle, ya faɗo rami tare da bol da notin, suna manne da juna.

Na ɗauko guntun na fito da shi rana, na goge da burushin waya. Ga shi nan ƙarƙashin tsatsa da jar ƙasa: ɗigon walda, bai fi ƙwayar wake ba, ya haɗe notin da farantin bututun ta bayan da ido ba ya kaiwa. Da alama zaren bol ɗin ne ya taɓa murjewa, maimakon a sayi sabo, sai gwanin naku ya ɗana masa wuta ya karɓi kuɗinsa. Duk man da na yi ta zubawa da gas ɗin da muka ƙona, a kan abin da ba zai taɓa juyawa ba muka ɓata su.

Manifol ƙarfen zubi ne, ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi. Ana iya yi masa walda, amma sai an dumama shi gaba ɗaya, an sa sandar walda ta musamman, an binne shi cikin yashi ya huce a hankali, kuma duk da haka sau da yawa yakan sake tsagewa in ya sha zafin inji. Dole dai a cire shi daga kan inji. Kan injin 504 kuwa alminiyom ne, bol ɗin da ke cikinsa ƙarfe, in suka daɗe tare cin juna suke yi. Ɗaya ya karye daf da fuskar kan injin.

Wani dattijon mai walda na samo, wanda ya tsufa a kan waɗannan motoci. Ya leƙa, ya ga na riƙe injin huda ƙarfe, ya ce, "Ɗana, ajiye wannan. In ka kauce kaɗan ka shiga alminiyom, kan inji za ka saya."

Na ce, "To Baba, yaya za a yi?"

Bai amsa ba. Ya sa aka cire kan batir, ya ɗora sabon noti daidai kan guntun, ya cika cikinsa da walda. Walda ta kama ƙarfen, ba ta kama alminiyom ba, zafin kuma ya ratsa zaren. Ya bari ya huce, ya riƙa juya shi gaba da baya a hankali, guntun ya fito lafiya lau. Sai a lokacin na iya shan ruwa.

Manifol na hannu na samu a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano bayan yawo, don kayan 504 sun fara wuya. In za ka saya, ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a fuskarsa ka ga ko ta karkace, ka rataye shi ka ƙwanƙwasa: mai lafiya ƙara yake yi tangararau, mai tsagu muryarsa a dushe take.

Mai shirin irin wannan aiki, kafin ka zuba ko ɗigon mai, sa burushin waya ka goge kowane noti har ƙarfe ya fito. Zura waya da fitila ka ɗauki hoton bayansa. Tsohuwar motar da ta bi hannun masu gyaran bakin titi, ka sa a ranka akwai walda a inda bai kamata ba. Notin da ya ji wuta har ya yi ja bai motsa ba, kar a ƙara masa tsawon sifana. A yanke shi da zarto ko a tsaga shi, bol sabo kuɗinsa kaɗan ne.

Da muka zo ɗaura sabuwar salansa, na sa notunan tagulla, na shafa wa kowane zare man girisi mai jure zafi. Mai haɗawar ya jawo wayar walda zai bi mahaɗan bututun, wai haka ya fi ƙarko. Na ce a ɗaure su da maɗauri da noti kawai. Ya ce in ta saki a hanya kar in neme shi. Na ce na ji, ɗaura.