Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Zangon da Na Zama Mawaƙin Jarrabawa

A makon jiya na tsaya ne a lokacin da malaman kwalejojin kimiyya da fasaha suka janye yajin aikinsu a watan Yulin 2014, bayan kusan wata goma muna zaune a gida, na ajiye almakashi da dutsen guga a shagon Baba da ke Kasuwar Barci na koma aji. Yau sai labarin yadda zangon ya ƙare.

Wanda bai taɓa komawa makaranta bayan dogon yajin aiki ba, ba zai gane irin tseren da ake yi ba. Lokaci ya ƙure wa kowa, malamai da ɗalibai. Lakca da safe, aikin hannu a wokshop da rana, tes da yamma, Asabar ma ba a bar ta ba. Ina shekarar farko ta difloma a sashen injiniyan lantarki, a babbar harabar Kadpoly, wato foliteknik ta Kaduna, da ke Tudun Wada. Tsohuwar makaranta ce, tun 1956 ta faro a matsayin cibiyar koyar da sana'o'in fasaha, a 1968 ta zama foliteknik. Baba bai yi boko ba, amma shekara da shekaru yana ɗinka wa ɗalibanta kaya, kuma tun ina firamare yake nuna min katangarta yana cewa, "Nan za ka shiga, in Allah ya yarda."

Gidanmu a Rigasa yake. A shekarar ce gwamnatin jiha ta hana acaɓa a cikin gari, sai dai keke ko bas, ga cunkoson safe da ba ya jin rarrashi. Da jarrabawa ta matso na roƙi Inna ta yi min magana da Baba, ya yarda na tare ɗakin wani abokina a Tudun Nupawa. Mu huɗu muka haɗu a ɗakin, da katifa biyu da risho ɗaya. Abinci kuwa garin kwaki da ƙuli, ranar da wani ya samu saƙo daga gida a dafa garau-garau.

Lissafin maki ne ke hana mu barci. A foliteknik a kan 4.0 ake auna shi, bisa tsarin NBTE, hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, wadda hedikwatarta ma a nan Kaduna take. Wanda ya gama difloma da ƙasa da 2.50 ya san samun gurbin babbar difloma zai yi masa wuya. Saboda haka faɗuwa kwas ɗaya ba ƙaramin abu ba ne: zai ja makinka ƙasa, kuma baɗi ka zauna da ƙannenka ka maimaita shi. Kariyoba ke nan, abin da ko ambatonsa ba a so a yi da dare.

Ranar da aka liƙa jadawalin jarrabawa makarantar ta sauya kama. Fuskokin da ba mu taɓa gani a aji ba suka bayyana suna neman aron littafi. Layi ya yi tsawo a shagunan fotokofi, kowa na son tambayoyin shekarun baya. Sahun Asuba a masallaci ya cika har waje, 'yan coci ma suka ƙara yawan taron addu'a. Azuzuwa suka koma wurin kwana. Da an yi Isha'i kowa zai ɗauki takardunsa da fitilar caji da rigar sanyi, don hunturu ya fara leƙowa, a zauna har kiran assalatu. Mai shayin bakin ƙofa shi ya ci kasuwar zangon. Wasu goro suke ci, wasu Nescafe ba madara, akwai ma wanda ke tsoma ƙafafunsa a bokitin ruwan sanyi wai don kada barci ya sace shi. Ɗaya daga cikin abokan ɗakina ya kai matsayin da yake lissafi a cikin barci, mu kuma muna gyara masa in ya yi kuskure.

Za ka zaci a irin wannan lokaci kiɗa zai ɗauke. Ina! Sai ma ya ƙaru.

Sai na ɗan yi bayanin yadda harkar waƙa take a tsakaninmu a lokacin, don matasan yanzu da suka tashi da TikTok ba za su gane ba. Akwai 'yan hip-hop, masu cakuɗa Hausa da Turanci da burokin a baiti ɗaya, ba su buƙatar komai sai tebur da za a buga da mutum biyu da za su yi musu ihu. Akwai masoya waƙoƙin nanaye na finafinan Hausa, su ne suka fi yawa ko da yake ba kowa ke yarda ya faɗa ba. Za ka ga saurayi na kushe su da rana, da dare ka ji su suna tashi ƙasa-ƙasa daga wayarsa. Akwai sha'irai masu bege, waɗanda suka fi ƙarfi a cikin unguwa, musamman in Maulidi ya gabato, mandiri na tashi daga lunguna. Sai 'yan kwaya na ƙungiyoyin ɗalibai Kirista. Su kam, a gaskiya, sun fi mu sanin kiɗa nesa ba kusa ba, don tun suna yara suke taɓa fiyano da jita a coci, kuma yawancin waƙoƙinsu da Hausa suke yi, Hausa mai daɗi irin ta Kudancin Kaduna. A gefe guda kuma ga ustazai da ke kallon dukkanmu suna girgiza kai.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yadda waɗannan mutane suke haɗuwa. Duk ɗan Kaduna ya san abin da rikice-rikicen 2000 da 2002 suka yi wa garin: Musulmi suka fi taruwa a arewacin kogi, Kirista a kudanci, gada ta zama iyaka a zukatan mutane. Ni da na tashi a Rigasa, sai da na shiga foliteknik na fara cin abinci kwano ɗaya da ɗan Sabon Tasha. Kuma babu inda wannan cuɗanya ta fi ƙarfi kamar wajen kiɗa, saboda mai murya yana buƙatar mai fiyano, mai fiyano kuma yana buƙatar kuɗin cefane. Wanda ke haɗa wa kusan kowa kiɗa a lokacin wani ɗan Kagoro ne da ke babbar difloma, makaɗin kwaya a cocinsu. 'Yan hip-hop wajensa suke zuwa, 'yan nanaye haka, har wani sha'iri na taɓa gani ya fito daga ɗakinsa da carbi a hannu.

Ni ba na cikin kowane rukuni. Ban taɓa ɗaukar kaina mawaƙi ba. Abin da ya jawo ni launukan rizisto ne, 'yan mitsi-mitsin abubuwan nan masu zobba kala-kala da ake gani in an buɗe rediyo. Kowane launi da lambarsa, daga sifili zuwa tara, kuma da su ake karanta ƙarfin riziston. Abokaina sun haddace su da wata jimlar Turanci, ni kuwa ta ƙi zama a kaina. Wani dare, kaina na sarawa, sai na tuna kakarmu ta wajen uwa. Ba ta iya karatun boko ba, amma farillan alwala da sunayen watanni da tarihin Annabawa duk a waƙe ta riƙe su, tana tankaɗe tana rerawa. Ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Da waƙa Nana Asma'u 'yar Shehu ta karantar da matan karkara ta hannun 'yan taru tun ƙarni na 19, kuma har gobe da waƙa ɗan Islamiyya ke fara riƙe haruffa. Na ce to me zai hana? Na juya bayan takardata na rubuta:

Baƙi ba komai, sifili ne ɗan'uwa,
Ruwan ƙasa ɗaya, ja biyu ba tantama,
Ruwan goro uku, huɗu sai ɗorawa,
Kore biyar, shuɗi shida ba gardama,
Shunayya bakwai, toka takwas mun gama,
Saura fari, shi ne tara, mu sha ruwa.

Don kaina na yi, ina rerawa a hankali. Na kusa da ni ya ji, ya ce in ɗaga murya. Wani ya fara buga tebur. Wata 'yar ajinmu daga baya ta jefo amshi, "Allah raba mu da kariyoba," aji ya ɗauka baki ɗaya, har da waɗanda ba sa jin Hausa sosai. Mutanen da suka yi sa'o'i ba wanda ya yi murmushi sai ga su suna dariya har da hawaye. Kafin gari ya waye na ƙara baiti a kan dokar Ohm, cewa in ka raba boltej (ƙarfin da ke tura wuta) da rizistans (turjiyar da wutar ke gamuwa da ita) karan zai fito, wato yawan wutar da ke gudana, da wani a kan dokar Kirchhoff, cewa abin da ya shiga mahaɗa shi ne zai fita, ba ragi ba ƙari.

Ashe wani ya ɗauka a waya. A lokacin data tsada gare ta, ta Bluetooth ake tura waƙa daga hannu zuwa hannu. Ba a jima ba ɗan Kagoron nan ya aiko a kira ni.

Situdiyon nasa ɗakin haya ne da aka manne bangonsa da kwalayen ƙwai. Tsohuwar kwamfuta mai manhajar FL Studio, fiyano ƙirar Yamaha da wasu maɓallansa suka dushe, makirfo ɗaya da aka tare gabansa da safa a jikin wayar hanga. Mai rera waƙa a lungun wadirof yake tsayawa, a jingina katifa a bayansa don kada ƙarar janareto ta shiga. Lokacin kuma kakar 'yan siyasa ce, zaɓen 2015 na ƙaratowa, masu waƙar 'yan takara sun cika masa rana, don haka sai tsakar dare ya ba ni. Na ce masa ba ni da ko sisi. Ya ce, "Malam, ni ma na sha wuyar launukan nan a shekarata ta farko. Shiga kawai." Ya sa kiɗa mai saurin kalangu, ya kira 'yan kwayarsu mata biyu suka yi amshi washegari. Ban san sunan abin da ya yi wa muryata ba a lokacin, na dai ji ta fito sumul, har na tambaye shi ko ni ne.

Ranar jarrabawar kwas ɗin kuwa an sha kallo. Ana raba takarda, aka ga tambayar launuka, sai leɓuna suka fara motsi ko'ina a zauren. Wani can baya ya manta inda yake, amshin ya kuɓuce masa a fili. Malamin da ke tsaron mu ya tsaya cak ya ce, "Wa ke min waƙa a nan?" Ba wanda ya amsa. Ya zagaya, ya duba ƙarƙashin tebura da tafin hannuwa, bai ga komai ba, ya koma ya zauna yana kallon mu da mamaki.

Kada in cika baki, waƙar ba ta ceci kowa da kowa ba. Tana riƙe maka abin da ake haddacewa, amma ba ta warware lissafi. Tambaya ta gaba da'irar lantarki ce mai madauki biyu da sai ka kafa lissafinka ka bi shi daki-daki, kuma a nan aka bambanta wanda ya yi karatu da wanda ya yi rawa. Akwai wanda ya fito yana min ƙorafi wai me ya sa ban sa wannan a waƙar ba. Ni kaina da ƙyar na kai ƙarshenta kafin a karɓe takarda.

Abin da ban lissafa ba shi ne 'yan turi, masu zama da kwamfuta a bakin kasuwa suna loda wa mutane waƙoƙi a memori. Yadda ta isa hannunsu, Allah masani. Su ba ruwansu da rizisto, amshin da kiɗan suka yi musu daɗi, suka cusa ta cikin jerin sababbin waƙoƙi. Daga Poly zuwa Kasuwar Barci kuwa tafiyar ƙafa ce. Masu tunawa da kasuwar kafin a rushe ta a 2020 sun san yadda layin teloli yake: keke na ƙara, rediyo ko waya na tashi a kowane shago daga safe har dare.

Baba mutum ne da a wajensa waƙa roƙo ce, mawaƙi kuma maroƙi, ko da kuwa da kwat yake yawo. A zuriyarmu, in ji shi, malamai ne da teloli, ba a taɓa yin wanda ya buɗe baki a gaban jama'a don a yi masa liƙi ba. Na san haka sarai, shi ya sa ko Inna ban gaya wa ba.

Ana gobe za mu rubuta takarda ta ƙarshe wayata ta yi ƙara. Baba ba ya kira, sai dai ya aiko. Na gaishe shi, ya amsa a taƙaice, ya ce, "In ka fito gobe ka biyo ta shago kafin ka wuce gida." Na ce, "To, Baba. Lafiya dai ko?" Ya ce, "Lafiya lau," ya kashe.

Washegari bayan La'asar na isa. Na tarar da Kawu, ƙanen Baba, wanda ba ya zuwa kasuwa sai da dalili, zaune a kan benci. Na durƙusa na gaishe su. Baba bai ɗago daga kan keken ba, sai da ya kai ƙarshen ɗinkin, ya yanke zare, sannan ya dubi babban yaron shagon ya ce, "Kai, kunna mana abin nan da kuke ji tun shekaranjiya." Yaron ya kalle ni, ya kalli ƙasa, ya danna wayar. Aka saki kiɗa, 'yan matan kwaya suka shigo da amshi, sai ga ni ina jero launuka. Baba ya bari har aka kai fari tara, sannan ya cire tabarau ya ce, "Muryar wa nake ji haka?"

Amsar da na ba shi, da abin da Kawu ya zaro daga aljihunsa, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.