Bidiyon da na tura a kan Jay Slater

Har yau abin nan yana cina a rai. A watan Yunin 2024, da Jay Slater, ɗan Ingila mai shekara 19, ya ɓace a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifaniya, ina cikin masu raba dare a TikTok da Facebook muna bin labarin. Wannan ya ce sace shi aka yi, wancan ya ce rikicin 'yan ƙwaya ne, wasu har da cewa iyalinsa ne suka kitsa abin don kuɗin gudummawa. Ni ma na tura wa 'yan'uwa wani bidiyo a WhatsApp, ko tsayawa ban yi na bincika ba.

Yaro ne fa mai koyon aikin gini, ya je bikin kiɗa da abokansa. A kiransa na ƙarshe ya gaya wa abokiyarsa cewa ya ɓata hanya, yana jin ƙishirwa, cajin wayarsa saura kashi 1.

Ranar 15 ga Yuli aka tsinci gawarsa a wani kwazazzabo kusa da ƙauyen Masca. Faɗowa ya yi daga sama, kuma binciken kotu a 2025 ya tabbatar hatsari ne.

Mahaifiyarsa nake tunawa. Duk makonnin nan tana can Tenerife tana jira, saƙonnin zagi suna shigo mata daga mutanen da ba su taɓa ganin ɗanta ba. Na goge bidiyon, amma ya riga ya wuce hannuna.