Ƙofar da ke kulluwa yau, gobe ta ƙi

A aikinmu na wayarin mota, abin da ya mutu murus ba ya ba ni wahala. Fis ya ƙone, ka gani da ido ka canza. Wadda ke cin lokaci ita ce motar da ƙofofinta ke kulluwa yau, gobe su ƙi, kuma da an shigo da ita gareji aka danna rimot sai ka ji ƙaf, duk sun kulle lafiya lau. Mai ita ya tsaya yana rantsuwa cewa ko da safiyar nan sai da ta yi masa gardama. Gaskiya yake faɗa, kuma daga gaskiyar tasa aikin ke farawa.

Maigidan da ya koya mini sana'a a Agege da ke Legas ba ya yarda yaro ya ɗauki sukudireba kafin a gama tambaya. Ƙofa ɗaya ce ke ƙi ko duka? Rimot ne kaɗai, ko har maɓallin da ke jikin ƙofar direba? A ina abin ke faruwa, da safe ko da rana, bayan ruwan sama ko a kowane lokaci? Abin da na ƙara a kan nasa shi ne sanin wanda za a tambaya. Yawancin motocin da ake kawo mana direbobi ne ke wuni da su, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai dai direba ba ya sakin jiki a gaban maigidansa, yana tsoron a ce shi ya ɓata. Don haka nakan ce, “Ranka ya daɗe, a shiga inuwa a huta,” in ja direban gefe. A nan ne zai ce mini, “Wallahi Malam, rimot ɗin ya taɓa faɗuwa a kwata,” ko “tun da aka sa mata tiraka, na'urar bin sawun mota, ta fara.”

Idan maɓallin ciki yana kulle duk ƙofofi amma rimot na yi yana ƙi, to matsalar tana tsakanin rimot da abin da ke karɓar saƙonsa a mota. Batirin da ke cikin galibinsu CR2032 ne, mai bolt 3. Na bogi da ake tallarsa a gosulo zai iya nuna maka 3 a mita, amma da an danna maɓalli ƙarfinsa ya zube. Wani lokacin kuma batirin lafiyarsa ƙalau, dalmar da ke riƙe da mazauninsa ce ta tsage saboda yawan faɗuwa, sai ya riƙa haɗuwa yana rabuwa. Wanda zai je Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota, neman wani rimot ya lura da asalin motarsa: rimot ɗin tokumbo ta Amurka galibi yana aika saƙonsa a kan zangon megahaz 315, na ta Turai kuwa 433.92, kuma sau da yawa kwanson nasu iri ɗaya ne.

Akwai kuma cunkoson saƙonni a iska. Motar da ake buɗewa da taɓa hannun ƙofa ita ce ke fara kiran makullin da saƙo mai rauni, galibi na kilohaz 125, wanda ba ya wuce taku ɗaya ko biyu. Caja mai araha da aka bari a soket, ko ƙwan fitila na zamani maras kyau, ko wayar salula a aljihu ɗaya da makulli, duk suna iya danne wannan saƙo. Idan direba ya ce sai a bakin wani gini take ƙi, ba na kwance komai. Ina dai gargaɗinsa ya riƙa jan hannun ƙofa bayan ya danna, domin ɓarayi ma suna amfani da na'urar toshe saƙon rimot, ka tafi kana zaton ka kulle.

Idan ƙofa ɗaya ce, musamman ta direba, hannuna na fara zuwa robar nan mai lanƙwasa da ke tsakanin ƙofa da jikin mota. Duk wayoyin gilashi, madubi, sifika da makulli ta cikinta suke bi, kuma kowace buɗewa lanƙwasa su take yi. Shekara da shekaru, sai zaren jan ƙarfen ya karye a ciki alhali fatar wayar tana nan sumul. Ƙofa a rufe bakin biyu sun haɗu, a buɗe sun rabu. Nakan sa yaro ya yi ta danna maɓalli, ni kuma ina kai ƙofar ina kawowa a hankali, kunnena na jikin ƙarfe. Inda ƙarar ta ɗauke, nan na tsaya. Sai in zame robar, in riƙa jan wayoyin ɗaya bayan ɗaya da yatsu biyu. Mai lafiya tana turjewa, karyayya kuwa sai ka ji fatarta tana miƙewa, ta yi siriri a wuri guda. Abin da ke ɓata mini rai shi ne in tarar wani ya riga ni, ya murɗa bakin biyu ya naɗe da salatif a daidai wurin lanƙwasar. Wannan gyaran ba ya kai wata. Sabuwar waya mai laushi ake ratsawa, mahaɗi ɗaya a cikin ƙofa, ɗaya a cikin jikin mota, inda babu motsi.

Ƙaramin injin da ke tura sakata a cikin ƙofa shi kuma zafi ne ke tona shi. Da safe ya yi aiki, bayan motar ta wuni a rana ya kasa, ko ka ji yana raunana idan aka danna a jere. Mita ta nuna wuta na isa soket ɗinsa amma bai motsa ba, to shi ne.

Damina ce ke kawo mana mafi wuyar. A Yuni da Yuli motoci na ratsa ambaliya, ruwa ya kwanta ƙarƙashin kafet, ga iskar gishiri ga masu zama Lekki ko aiki a Apapa. Ka cire soket ka tarar da haƙoransa sun yi kore, ko wayar da aka ɗaure a bodi don wuta ta koma ta cikinta ta yi tsatsa a ƙarƙashin noti. Irin wannan wayar takan ci jarrabawar mita idan ba a ɗora mata aiki ba, shi ya sa nake auna ta a daidai lokacin da ake danna maɓalli. Ɗan makunnin da ke shaida wa mota cewa ƙofa ta rufu ma yana jiƙewa. Mota ta ɗauka ƙofa a buɗe take, ta ƙi kulluwa, Toyota har ta yi doguwar ƙara. Fitilar rufi da ke ƙyaftawa a kan gargada ita ke fallasa shi.

Ƙwaƙwalwar da ke kula da ƙofofi ita ce ta ƙarshe da nake zargi, ko da yake ita aka fi saurin yanke wa hukunci a garejin Legas. Tana da tsada, kuma a motoci da yawa sai an daidaita ta da motar. Ƙaramar na'urar bincike da ake sakawa a soket ɗin binciken mota da ake kira OBD-II, wanda Amurka ta wajabta tun 1996, yawanci inji kawai take karantawa, don haka shirunta ba shaida ba ne.

Ranar da cutar ta ƙi fitowa duk da girgiza waya da watsa ruwa, ina faɗa wa mai mota ban gan ta ba tukuna, kuma ba zan sa shi sayen kaya a kan zato ba. Nakan roƙi direban ya riƙa rubuta wuri da lokaci da yanayin gari duk sa'ad da ta ƙi. Kafin su tafi ina zaro musu ɗan makullin ƙarfe da ke ɓoye cikin rimot, in gwada shi a ƙofa. Sau da yawa ramin ya cije don ba a taɓa amfani da shi ba, sai na fesa masa mai kafin ya juya.