Tafiyar keke a gonakin inabin Alsace: giyar keke mai laushi da birki mai kyau sun fi ƙarfin ƙafa

Alsace yanki ne a gabashin Faransa, siriri kamar zare, tsakanin duwatsun Vosges daga yamma da kogin Rhine daga gabas, inda aka yi iyaka da Jamus. A gindin duwatsun ne gonakin inabi suka jeru, kuma tun 1953 aka fitar da hanyar yawon buɗe ido mai tsawon kusan kilomita 170, daga Marlenheim a arewa zuwa Thann a kudu. Masu keke suna da tasu hanyar da ke bin ta kusa da kusa, ta cikin ƙananan titunan manoma, wani yanki ne na babbar hanyar keke ta Turai da ake kira EuroVelo 5. Alamominta kore da fari ne, da hoton keke a jiki.

Taswira tana ruɗin mutum a nan. Za ka ga kilomita huɗu ko biyar ne tsakanin ƙauye da ƙauye, ka ce ai yini ɗaya ka ci kilomita 80. To amma kusan kowane ƙauye yana bakin kwari ne, kafin ka isa na gaba sai ka haura tudun gonaki ka gangaro. Hawan ba dogo ba ne, sai dai ba ya ƙarewa: ka hau, ka sauka, ka sake hawa, har la'asar. Kilomita 35 zuwa 45 a yini ya ishi mai ɗauke da kaya, wato kwana huɗu ke nan, ana iya kwana a Obernai, Ribeauvillé da Eguisheim ko Colmar.

Shi ya sa abu na farko da za a duba shi ne giyar keke, wato farantan haƙoran da sarƙa ke hawa. Ƙirga haƙoran ƙaramin farantin gaba da na babban farantin baya. Idan 34 ne gaba, 34 baya, kowane juyin feda taya za ta juya sau ɗaya, ka ci kamar mita 2.2. Wannan ya wadatar in babu kaya. In akwai jakunkuna masu kilo 10 zuwa 12 a kan kariya, nemi 26 gaba da 34 baya, juyi ɗaya ya koma kamar mita 1.7. Ƙafa za ta riƙa juyawa da sauƙi, gwiwa ta huta. Kuskuren da ya fi yawa shi ne canza giya bayan hawa ya riga ya kama mutum, yana danna feda da dukan ƙarfinsa. A nan ne sarƙa ke tsinkewa ko ta faɗa tsakanin faranti da wayoyin taya. Sauya tun kana ganin tudun a gabanka, kuma ka ɗan sassauta ƙafa daidai lokacin da sarƙar ke tsallakawa.

Taya mai faɗin milimita 35 zuwa 40 ta fi dacewa, domin cikin ƙauyukan duk daɓen duwatsu ne, wasu hanyoyin gona kuma tsakuwa. Iska kamar “bar” 3.5 zuwa 4 a ma'aunin famfo ta isa, a ƙara wa ta baya kaɗan tunda ita ke ɗauke da nauyi. In ta yi yawa keke ya riƙa tsalle a kan duwatsu har sukurorin kariya su kwance. In ta yi kaɗan, bakin dutse ya matse tub a jikin ƙarfen taya, ka ga huda biyu jere kamar saran maciji. A jaka a sa tub biyu, kayan faci, famfo, makullai masu kusurwa shida na milimita 4, 5 da 6, mahaɗin sarƙa da ya dace da taka, da robar birki guda biyu. Kowace safiya a bi sukurorin kariya a ɗaure, minti biyu ne.

Birki kuwa, wurin gwada shi shi ne Haut-Koenigsbourg, fadar da ke bisa dutse mai tsayin sama da mita 750, wadda sarkin Jamus Wilhelm na Biyu ya sa aka sake ginawa daga 1900 zuwa 1908. Ba ta kan hanya, ratsewa ake yi, kuma daga Saint-Hippolyte hawan ya kai kusan mita 500. A ganina ta cancanci wahalar, amma a bar jakunkuna a masauki. Wajen saukowa kada a riƙe birki a matse tun daga sama har ƙasa. Zafi yana taruwa, roba ta yi santsi ta daina kamawa, a keken da birkinsa ke kama gefen taya ma tub na iya fashewa. Matsa da ƙarfi kafin kwana, saki, bar shi ya sha iska, sake matsawa. Ja jiki baya a kan sirdi, ka yi aiki da birkin gaba da na baya tare. In ka ji ƙaurin roba, tsaya minti biyar.

Ƙauyukan su ne dalilin zuwan, don haka kada a wuce su a guje. Gidajen katako ne da aka cike tsakaninsa da ƙasa, an shafe su da shuɗi, rawaya da ja, furanni na zubowa daga tagogi. A Riquewihr hasumiyar Dolder tana tsaye tun 1291, babban titin kuma yana haurawa zuwa gare ta cike da mutane, gara a sauka a tura keke. Eguisheim an gina shi zagaye-zagaye kamar faifai, titi cikin titi, a nan aka haifi Paparoma Leo na Tara a 1002. Kaysersberg garin haihuwar likita Albert Schweitzer ne, 1875, yana da gadar dutse ta 1514. A isa waɗannan ukun kafin ƙarfe goma na safe, kafin motocin baƙi su sauke mutane. Ɗaga kai kuma ka duba saman rufi: shamuwar Turai ce, fara mai jan baki, a kan sheƙa mai faɗin tabarma. Wasu daga cikin irinta suna ƙetare Sahara su yi hunturu a Afirka ta Yamma.

Watannin Mayu, Yuni da Satumba sun fi daɗi. Duwatsun Vosges suna tare hadari, shi ya sa Colmar take cikin biranen Faransa mafi ƙarancin ruwan sama, amma a Yuli da Agusta gonakin babu inuwa ko ta tsayuwar mutum ɗaya. Gora biyu masu mililita 750 su ne mafi ƙaranci, kuma maɓuɓɓugar da aka rubuta wa “eau non potable” ba ta sha ba ce. A Satumba da Oktoba ana girbi, taraktoci na fitowa daga tsakanin layukan inabi ba zato, ruwan inabin da ya zuba a kwalta kuma yana da santsi a kwana. Inabin gona na mai shi ne, kada a tsinka.

Doka ta wajabta fitilar gaba da ta baya da dare, da ƙararrawa, da riga mai ƙyalli in dare ya yi maka a bayan gari. Hular kwano dole ce ga yaro ɗan ƙasa da shekara 12, babba ma bai kamata ya bar ta ba. A mahaɗar da babu alama, wanda ya fito daga dama shi ke da hanya, ko da lungu ne. Wanda ya gaji yana iya sa keke a jirgin ƙasa na TER, sai dai wasu jiragen ba sa karɓa a lokacin cunkoson safe da yamma.

Musulmi ya kula da abinci sosai. Choucroute, wato kabeji mai tsami, cike yake da naman alade, tarte flambée, siririn burodi mai kama da fiza, ana barbaɗa mata shi, baeckeoffe kuma, dahuwar nama da dankali, da barasa ake dafa shi. Ana iya cewa a yi tarte ɗin ba nama, ga burodi, cukuin Munster, da ruwan inabi zalla da ake kira “jus de raisin”. Mahautan halal suna Strasbourg, Colmar da Mulhouse, a yi guzuri daga can. Yawancin kantuna a Alsace ba sa buɗewa ranar Lahadi, na ƙauye kuma suna rufewa da tsakar rana.

Tsakanin Riquewihr da Colmar za ka lura gidajen Bennwihr, Mittelwihr da Sigolsheim sababbi ne. An rushe tsofaffin ne a Yaƙin Duniya na Biyu, a faɗan da aka gwabza a kewayen Colmar daga ƙarshen 1944 zuwa Fabrairun 1945. A kan tudun da ke bayan Sigolsheim akwai maƙabartar sojojin Faransa, ɗaruruwa daga cikin kaburburan na Musulmin Arewacin Afirka ne, da rubutun Larabci a kan duwatsunsu. Hanyar hawa gajeriya ce amma a tsaye take, a sa giya mafi laushi tun daga bakin ƙauye, a jingine keke a ƙofa, a shiga da ƙafa.