Abin da ke kashe sautin waƙa tsakanin situdiyo da memori

Waƙa za ta fito daga situdiyo garau, amma kafin ta zagaya ta iso wayar mai sauraro, sai ka ji caki ya koma kamar ana suya a cikin mai, kalangu kuma ya dushe. Galibi MP3 ake ɗora wa laifi. A ganina nasa laifin kaɗan ne, barnar daga yadda ake jujjuya fayil take zuwa.

Faifan CD, wanda ya shiga kasuwa a 1982, yana auna sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, abin da ke cin kilobit 1,411 a daƙiƙa. Wato minti ɗaya kusan megabait 10 ne. Masu bincike na cibiyar Fraunhofer ta Jamus, cikinsu har da Karlheinz Brandenburg, su suka ja gaba wajen samar da MP3 a farkon shekarun 1990. Dabararsu daga kunnen mutum suka ɗauko ta. Idan ƙara mai ƙarfi da wata mai rauni suka zo kusa da juna, kunne ba ya kama mai raunin, don haka sai manhaja ta zubar da ita. A kilobit 128, minti ɗaya ya dawo kusan megabait 1. Memori mai gigabait 2 da zai ɗauki waƙoƙi 40 masu minti biyar, yanzu ya ɗauki wajen 400.

Abin da aka zubar ba ya dawowa. A 128 yawancin manhajoji suna datse duk sautin da sirantarsa ta haura hertz 16,000, wato kaɗawa 16,000 a daƙiƙa, kuma siraran sautuka irin na caki da kuge da tafi su suka fi jin jiki. Bugu mai kaifi kuwa yakan zo da wata 'yar shashshaka kafin ya sauka, saboda manhajar gutsure-gutsure take sarrafa sautin, kuskuren sai ya bazu cikin gutsuren duka.

Matse waƙa zuwa MP3 sau ɗaya a kilobit 256 ko 320, kunnuwa ƙalilan ne za su bambance ta da asali. Matsala ita ce maimaici. Mawaƙi ya fitar da MP3, wani ya haɗa ta da hoto ya ɗora a YouTube, can a sake matse ta, mai tura waƙoƙi a kasuwa ya sauko da ita ya juya ta MP3, wani kuma ya sa tambarin muryarsa a farko ya sake fitarwa. Sau huɗu ke nan, kowanne da abin da ya yaga. Turawa ta Xender ko kwafewa a memori ba sa rage komai, don fayil ɗin ne yake tafiya yadda yake. Haka ma juya 128 zuwa 320 ba ya ƙara komai sai nauyi.

Mai situdiyo ya ajiye asali a WAV, wato fayil ɗin sautin da ba a matse ba, ko FLAC da ke rage nauyi kusan rabi ba tare da zubar da komai ba, kuma duk MP3 daga asalin nan za ta fito. A bar tazarar desibel 1 (ma'aunin ƙarfin sauti) ƙasa da ƙololuwar ƙarar da fayil ke iya ɗauka kafin matsewa, domin matsewa takan ɗaga kan sauti ya yi tsatsa. Idan ta WhatsApp za a aika, a tura a matsayin takarda, wato document.

Sauraron ma ya canja. A zamanin kaset mutum yakan zauna da gefe guda har ya ƙare, don neman waƙa ta uku aiki ne. Yanzu yatsa ɗaya ya isa a tsallake, kuma manhajar sauraron waƙa ta Spotify sai an saurari daƙiƙa 30 take ƙirga cewa an saurari waƙa, shi ya sa doguwar shimfiɗar kiɗa ta yi ƙaranci, ake jefo amshi tun da wuri. Ita Spotify ɗin tana daidaita ƙarar waƙoƙi zuwa ma'auni ɗaya, don haka wanda ya danne waƙarsa don ta fi ta kowa ƙara, a can za a sauke ta, ga shi kuma ya riga ya kashe tashi da saukar ganga. Sifikar waya ba ta fitar da ƙasan sauti sosai, saboda haka kafin a saki waƙa a gwada ta a ƙaramar waya da sifikar Bluetooth, a ji ko gangar tana nan.