Ni laka nake sayarwa, kuma tana ciyar da gida

Jama'a sana'ata laka ce. Eh laka dai, wadda in ta fallatsar maka a riga sai ka yi tsaki. Daga wajen watan Maris idan ruwan tafkin Lagdo, wanda dam ya tare a arewacin Kamaru, ya ja baya har zuwa faɗuwar damina, ni da yarana muna haƙo ta a bakin ruwa, mu shanya mu farfasa mu tankaɗe, mu ɗura a buhu a loda a kamyo, wato babbar mota, zuwa Garwa, masu lambun albasa da masu renon dashen mangwaro da lemo sune manyan kwastomomina.

Amma fa ba kowace laka ce kuɗi ba. Inda kogin Binuwai ke shigowa tafkin da ƙarfi yashi ne yake fara zubarwa tunda shi ne mai nauyi, wannan na magina ne, mu ba ruwanmu da shi. Tamu sai a lungu inda ruwa ke kwanciya shiru, baƙa wuluk, in ka murza a yatsa ka ji santsi kaman sabulu ba ƙuraje ko kaɗan. Sabon yaro in ya zo aiki abin da nake fara koya masa kenan, murza kafin ka cika baro.

Abin da yake birge ni a aikin nan shi ne in ka haƙa rami ka tsaya ka kalli bangonsa. Laka hawa-hawa take, siriri mai haske sai baƙi a kai, sai kuma mai haske, damina na kawo nata rani na kwantar da nasa. Ka ci gaba da haƙa sai shebur ya daki jar ƙasa mai tauri, wani lokaci har da kututturen itace, toh nan ne ƙasar da mutane ke takawa kafin a gama dam ɗin a 1982. Duk abin da ke samanta bayan nan ya zo. Kuma daga ina? Daga gonakin mutane ne wallahi. An sare itatuwa an faɗaɗa noman auduga da masara, manomi ya ci bashi ya watsa angire, wato takin zamani, ruwan sama ɗaya mai ƙarfi ya wanke wani kaso da ƙasar saman gonar gaba ɗaya, ga kashin shanu, duk su gangaro. Shi ya sa nakan ce wa masu saye, Alhaji taka ce fa nake dawo maka da ita, kuɗin mota kawai kake biya, sai a yi dariya.

Shi wannan takin in ya shiga ruwa ba zama yake kawai ba. Sinadaran cikinsa, naitirojin da fosforas ɗin da ke sa masara kore, su ke sa gansakuka da kainuwa su yi yawa, in sun mutu su nutse, can cikin laka kuma babu iskar da za ta sa su ruɓe duka, sai sabuwar laka ta danne su. Wannan shi ne kabon, sinadarin da jikin tsiro ya ƙunsa, da masana ke cewa tafkuna na binnewa, kuma madatsun ruwa sun fi tafkin Allah saurin binne shi saboda yawan ƙasar da kogi ke jibge musu. Ba duka ke zama ba dai, in ka taka laka ka ga kumfa na tasowa ɓul-ɓul, gas ne ke fita, irin mai kama wuta. Warin ruɓaɓɓen ƙwai kuma na ƙibiritu ne, shi ke sa ɗanyar laka ta ƙone dashe, dole sai ta sha iska tukun. In kuma ta daɗe ana juya ta a rana sai amfanin ya riƙa bin iska a hankali, don haka da ta bushe muke tara ta mu rufe da zana.

Mutanen Chadi sun riga mu sanin wannan, a wajen garin Bol da ke bakin tafkin Chadi da ruwa ya ja sai su bi shi da shuka a kan lakar tafki. Har ƙurar hunturun da ke tasowa daga Bodele a arewacin Chadi ma tsohuwar lakar tafki ce da ya ƙafe, iska na kwasarta ta tsallake teku da ita har dajin Amazon.

Kasuwa ta buɗe mana sosai a 2022 lokacin da yaƙin Rasha da Yukiren ya sa buhun taki ya yi tashin gwauron zabi. Wasu suka zo da tunanin laka za ta maye musu yuriya, ni kam ban taɓa yi wa kowa wannan alkawarin ba, ƙarfinta bai kai nan ba. Inda take aiki shi ne ƙasa mai yashi da ba ta riƙe ruwa, a gauraya ta da takin gida sai ka ga ban-ruwa ya ragu, angire kaɗan ma ya isa. Tana zuwa da irin ciyawa, wannan ma ina faɗa tun kafin a biya. Kuma ba na ɗiba kusa da inda kwatar gari ke zuba ko da kuwa ta fi kowace baƙi.

Wahalar kam akwai, tsargiya na cikin ruwan nan shi ya sa ba mai shigar min rami ba takalmin roba, ga dorina da sai an duba sawunta da safe, ga zafin Afrilu da ke sa mu tashi aiki tun hantsi. Kuɗin mota ne ke cinye rabin ribar, don haka mai so ya haɗa kai da maƙwabtansa su yi lodi guda, kuma a yi magana da wuri, da an yi ruwan fari hanya ta lalace mun rufe sai baɗi in Allah ya kai mu.